Cokali Guda na Ƙasar Gidan Pyo

Ranar da abin ya fara, Pyo Eun-sil ta dawo gida tun rana ba ta gama faɗuwa ba, ƙunshin naman sa a hannu ɗaya, jakarta a ɗayan, fuskar nan wasai. Mijinta Yeom Tae-gon da 'yarsu Da-som suka dubi juna, don an daɗe rabon da su ga haƙoranta. Lokacin kaka ne, iska ta fara sanyi, hasken yamma ya kwanta ja a jikin dogayen benayen unguwarsu da ke gefen birnin Daejeon.

"Umma, caca kika ci ne?" in ji Da-som, tana karɓar naman.

"Ya fi caca. Ke, ya fito! Shi kaɗai, tas, ba gauraye."

Ta zaro wani ɗan faranti na gilashi mai murfi, an naɗe bakinsa da tef. A ciki wasu 'yan ɗigo-ɗigo ne farare kamar garin alli, a jere bisa daskararren romon da ake ciyar da su. Da-som ta kanga shi da fitila, ta yatsina fuska. Shekarunta sha shida, kuma bakinta ba ya ajiye magana.

"Wannan ne ya ƙwace min uwa tun bazara? Ko kyan gani ba shi da shi."

Aikin Eun-sil ke nan, a ɗakin bincike na wata cibiyar noma: tsamo ƙwayoyin halitta daga cikin ƙasa, a ware mai amfani, a raba shi da tarkace. Duk wanda ya san ta ya san jakarta ba ta rabuwa da cokali da 'yan ledoji. Gidan biki, hawan dutse, bakin rafi, sai ka ga ta durƙusa tana ɗiba. To da bazara mahaifiyarta Sun-rye ta rasu a ƙauye. Bayan an rufe ta, Eun-sil ta zagaya bayan ɗaki inda tulunan miya da daddawa suke jere, ta tsaya tana kuka ita kaɗai. Can a lungu akwai 'yar tukunyar nan mai hular ciyawa, wadda tsohuwar ke zuba wa sabuwar shinkafa duk kaka saboda Toju, aljanin da ke riƙe da ƙasar gida. Eun-sil ta ga ƙasar gindinta baƙa ce mai laushi, ba a taɓa tona ta ba. Sai ta karkata tukunyar, ta ɗebi cokali guda. Ba ta rusuna ba, ba ta ce a gafarce ta ba. Ba kuma da raini ta yi ba, hannu ne kawai ya saba.

A ɗakin bincike ta shanya ƙasar, ta gasa ta kaɗan don masu rauni su mutu, ta dama da ruwan da aka dafa, ta tsinka ta tsinka, ta shafa a farantai masu maganin kashe hunhuna. Abubuwa suka tsiro kala-kala. A cikinsu ta ga wani fari da ya share fili a kewayensa, hunhuna ba ta iya matsowa kusa da shi. Murna ta kama ta, don irinsa manoman barkono ke nema shekara da shekaru saboda cutar da ke ruɓar musu da saiwa. Amma ɗauko shi shi kaɗai ya zama aiki. Ta ƙona 'yar wayarta a wuta ta yi ja, ta bari ta huce, ta taɓo shi, ta ja layi a sabon faranti. Bayan kwanaki sai ta ga wani mai yauƙi ya biyo shi ya manne masa. Ta sake, ya sake biyowa. Haka ta cinye bazara da damina, ba Asabar ba Lahadi. Ko ƙauyen ba ta ƙara leƙawa ba, dama zuciyarta ba ta iya ɗaukar ganin gidan babu uwarta. Tae-gon ne ya ce ta bar masa, shi zai riƙa zuwa yana nome ciyawa yana buɗe tagogi.

A ranar nan ne farin ya fito shi kaɗai. Ta zuba iri a 'yan kwalabe ta adana a firjin ƙanƙara, sannan ta yi abin da ƙa'idar aiki ta ce: ta tattara tsofaffin farantai duka, da mai yauƙin, da guntun ƙasar da ta rage, ta loda a tukunyar turiri ta dafe su ƙurmus. Faranti ɗaya ta taho da shi gida, don kawai ta nuna wa 'yarta.

"A ina za ki ajiye shi?" in ji Tae-gon.

"Firjin kimci mana, zuwa safe," in ji ta, tana nuna firjin da suke adana jiƙaƙƙen kabejinsu mai tsami da yaji.

"To in muka wayi gari mun yi furen alli a ka, ke ce." Ya tura mata kwando. "Ga kanyar gidan Kaka, jiya na tsinko. Bishiyar bana har rassa na neman karyewa."

Suka zauna cin abinci. Nama na ƙara a kasko, Da-som na ba su labarin malamin lissafinsu. Eun-sil ce ta fara jin ƙanshin. Ƙanshin ƙasa ne idan ruwan farko ya sauka mata, ya cika falon har ya danne na naman. Ta san ƙanshin sarai, irin ƙwayoyinta ne ke fitar da shi, amma ba daga faranti ɗaya a rufe cikin firji ba. Ta buɗe baki za ta yi magana sai wani abu ya daki gilashin baranda, tim.

Gidansu can saman bene yake, inda ko tantabara ba ta cika zuwa ba. Tae-gon ya miƙe ya duba. Curin ƙasa ne baƙi, jiƙe, ya manne a gilashin yana zamewa a hankali, alhali an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Na biyu ya zo, na uku ya biyo da tsakuwa a ciki, gilashin ya tsage. Daga nan sai shiru. Da suka juyo, tsinken cin abincin Da-som na ƙasa, ita kuma ta kafa wa firjin kimci ido. Bakinta ya motsa, amma muryar da ta fito ta tsoho ce, mai kauri, mai nauyi.

"Ina sauran?"

Tun daga ranar gidan bai sake ganin almuru lafiya ba. Da rana Da-som sai barci da kasala, ba ta tuna komai. Rana na karkata sai ƙanshin ya taso, jifa ta biyo baya, wani lokaci a taga, wani lokaci cikin ɗaki, tsakuwa ta faɗo daga silin da ba shi da ko tsaga. A bayan firji akan ji gunaguni kamar na taron jama'a daga nesa, da tarin tsoho. Yarinyar ta daina shinkafa, ta daina miya. Wata yamma uwar ta same ta tsugune a baranda, ta kife tukunyar fulawa tana cusa ƙasar a baki da hannu biyu, hawaye na zuba. In an janye ta sai ta rarrafa ta koma gindin firjin ta rungume gwiwa, muryar nan tana cewa sanyi, sanyi, ina mutanena.

Eun-sil ta rasa inda za ta sa kanta. Ko farantin ba ta iya mayarwa wurin aiki ba, don duk ranar da ta nufi ɗauke shi sai Da-som ta sanƙare, numfashinta ya ɗauke, sai an mayar. Aka je asibiti, aka ɗauki hoton kai, aka ɗebi jini, likitoci suka ce ba su ga komai ba, suka ba da ƙwayar barci. Yarinya kuwa sai zubewa take, ƙashin wuya ya fito, siket ɗin makaranta sai da aka sa masa fil.

"Fargabar jarrabawa ce," in ji Tae-gon. "Yaran yanzu duk haka suke."

"Fargabar jarrabawa ce ke jifan taga, Baban Da-som?"

Ya ɗauki sigarinsa ya fita.

Wata tsohuwa ce a hawan ƙasa da su, ana ce mata Iya Bong, ta tare Eun-sil a bakin matakala. Ta daɗe tana share ƙasar da ke zubo mata a baranda ba ta ce uffan ba. Ta kama hannunta ta jujjuya, ta duba ƙarƙashin faratanta.

"'Yar nan, kin taɓa ƙasar da ba a taɓawa. Dongti ne wannan, fushin mai ƙasa. Asibiti ba su da allurarsa."

Nan take cokalin nan ya faɗo wa Eun-sil a rai. Ashe ita ce. Ita ta jawo wa 'yarta da hannunta. Da Tae-gon ya dawo ta faɗa masa duka, tana kuka, ta ce gobe da sassafe su tafi ƙauye ta durƙusa gaban tukunyar ta ba da haƙuri. Ya tsaya yana murza makullin mota. Can ya ce ai ba za ta bar yarinya a wannan hali ba, shi zai je a madadinta. Ya tafi, ya dawo da yamma da laka a takalmi, ya ce ya zuba giyar shinkafa, ya rusuna, ya faɗi duk abin da ta ce. Ta riƙe hannunsa ta yi masa godiya. A yammar nan jifar ta fi ta kullum, har kwanukan kicin suka farfashe.

Sai ta koma wurin Iya Bong ta karɓi lambar Bopsa Maeng, masanin karatun korar iska da ke zaune a gindin dutsen Gyeryong. Tae-gon ya yi tsalle ya dire.

"Ke da kike duba ƙwaya da madubi, ke za ki kawo min mai ganga gida? Me abokan aikinki za su ce?"

"In mai ganga zai sa ta haɗiyi shinkafa, ya zo da ganga goma ma."

Bopsa Maeng ya iso da hantsi. Ɗan tsamurmurin tsoho ne mai tabarau da tsohuwar kwat, in ka gan shi a tasha sai ka ce malamin firamare ne da ya yi ritaya. Bai tambayi komai ba. Ya zauna a tsakar falo da almakashi da farar takarda, ya wuni yana yanka raga-raga da fuskoki, yana rataye su a igiya har suka kewaye ɗakin. Ya jera shinkafa da ruwa da kyandir a ƙaramin tebur. A gefensa ya ajiye kwalba da curin yumɓu, don in iskar ta bar jiki a ciki yake kulle ta, ya liƙe, a kai mararraba a binne. Sannan ya miƙa wa Tae-gon sandar gora mai tuntun takarda.

"Maigida ke riƙewa. Kada ka matse, kada ka saki."

Da rana ta yi ja ya zauna dirshan, ganga a dama, kuge a hagu, ya fara karatu. Murya ce ba hawa ba sauka, tana tafiya tana tafiya, sunayen taurari da na duwatsu da na masu tsaron kusurwoyi. An kwantar da Da-som a tsakiya, kanta bisa cinyar uwarta. Haske ya riƙa janyewa daga bango. Ƙanshin ƙasa ya taso har ana jin sa a maƙogwaro, takardun suka fara kaɗawa ba iska. Sandar da ke hannun Tae-gon ta soma rawa, tun yana iya danne ta har ta fi ƙarfinsa. Sai Da-som ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman dattawa, ta dafa gwiwa.

Bopsa bai daina kiɗa ba. "Wane ne kai? Na hanya ne ko na ruwa? Yunwa ce ta kawo ka gidan mutane?"

Aka yi wata dariya ƙasa-ƙasa. "Yaro, mayar da kwalbarka jaka. Na riga na sha zaman gilashi."

"Faɗi sunanka."

"Ni ake zuba wa sabuwar shinkafa tun kakan kakan matar nan bai yi gemu ba."

Sandar kiɗan ta tsaya a sama. Tsohon ya ajiye ta a hankali, ya cire tabarau, ya kai goshinsa ƙasa. "Mai ƙasa, a gafarce mu. Ban san kai ne ba. Me ya raba ka da mazauninka?"

Idanun yarinyar suka juyo kan Eun-sil, kuma ba idanun 'yarta ba ne.

"'Yar Sun-rye. Ranar da kika faɗo daga kan katanga, wa ya tausasa miki ƙasa? Kika zo min da cokali, ko sallama babu. Ban ce komai ba, na ce 'yar gida ce, nata ta ɗiba. Cokali guda, amma mutanena da ke ciki sun fi mutanen garin nan yawa. Kika gasa su. Kika zuba musu guba. Kika zaɓi ɗaya, abokin zamansa na binsa yana binsa, kina raba su. Sauran kika dafa a tukunya. Sannan kika zo gida kina murna, wai ya fito tas."

Eun-sil ta faɗi bisa hannuwanta. "Na yi laifi, na yi laifi. Amma cokali ɗaya ne, tsakar gidan tana nan cike da ƙasarka, ba wanda ya taɓa. Gobe zan mayar maka da wannan da hannuna. Ka sakar min 'yata."

Muryar nan ta sake fitowa daga bakin yarinyar.

"Ki mayar ina?"

Sandar gorar ta murɗe a hannun Tae-gon, ta juyo da kanta, tuntun takardar ya tsaya cak a ƙirjinsa.

"Tambayi mai kawo kanya."

Eun-sil ta ɗago. Mijinta ya jiƙe sharkaf da gumi. Kallonsa kawai take, shi ya sa maganar ta fito masa a tsinke. Wai tun farkon damina wasu masu gina rumbunan kaya suka zo suna sayen filayen ƙauyen. Wai ya ga gidan zai lalace a banza. Hatiminta na suna, wanda ake buga wa takardun gado da ciniki, yana cikin aljihun madubi, ita kuma kullum tana wurin aiki. Wai ya yi niyyar faɗa mata idan hankalinta ya kwanta. An rushe ɗakin, an sare bishiyar, an malale filin da siminti tun kafin ruwa ya ɗauke.

"Don karatun Da-som na yi, Maman Da-som. Kin san jami'ar Seoul ba a zuwa hannu wayam..."

"Kanyar fa?"

"A kasuwa."

"Giyar da ka zuba?"

Ya sunkuyar da kai. Eun-sil ta kawar da kanta. Ta tuna yadda ta riƙe hannun nan ta yi masa godiya, sai ta ji ƙyamar tafin hannunta. An ce da ɗan gari akan ci gari, to ita da wanda suke cin abinci a tebur ɗaya aka ci nata.

"Kin ji," in ji muryar. "Siminti a kaina, turiri a kan mutanena. Abin da ya rage da rai daga ƙasata shi ne wancan da ke cikin firji, shi na biyo. Sanyi ya ishe ni, na shiga inda ke da ɗumi. Yarinyar jinin gidan ce. Ita ce tsakar gidana yanzu."

Bopsa ya gyara zama, ya mayar da tabarau. "Mai ƙasa, kai ma ka sani jikin mutum ba ya ɗaukar ka. Dubi wuyan hannunta. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka za ta mutu, ka sake rasa gida, kuma ba sauran mai zuba maka shinkafa. Bari a yi maka mazauni. Sabuwar tukunya, ƙasar gindin dutse, hular ciyawa, a ajiye ka a barandar nan."

"Ni, a baranda? Kamar fulawa?"

"Haka zamani ya zo da shi. Ni ma da nake maka magana, a bene nake haya."

Aka yi wani guntun tari mai kama da dariya. Yarinyar ta daɗe tana kaɗa kai.

"To a sako min ɗana daga gilashi, ya shiga ƙasa ya cuɗanya da 'yan'uwa. Duka. Har waɗanda ta daskarar a can. Kuma cokalinta kada ya ƙara taɓa tukunyar."

"Na yarda," in ji Eun-sil. "Wannan yanzu, sauran gobe da safe, na yi alkawari."

"Alkawarin gidan nan na ɗanɗana shi. Yanzu."

Ta miƙe ta ɗauki jakarta. Tae-gon ya yunƙura. "Bari in kai ki."

"Riƙe sandarka."

Cibiyar ba ta da nisa. Fitilun titi sun fara kamawa lokacin da ta shiga, ɗakin binciken ba kowa sai ƙugin firji. Ta buɗe na ƙanƙara, hayaƙin sanyi ya bugi fuskarta, ta jawo akwatin. Ga su nan, 'yan kwalabe kamar yatsan jariri, a jikin kowace ta rubuta sunan ƙauyen uwarta da hannunta, don sunan ta so ta raɗa wa ƙwayar. Yanzu ƙauyen ma babu gidan. Ta kwashe su a aljihu, ta ƙarshen ta tsaya mata a tsakanin yatsu. Guda ɗaya tak, a can ƙuryar akwati, a ƙarƙashin na wani, wa zai gani? Bazara da damina na cikinta, da manoman barkono, da abin da ya rage mata na uwarta. Ta tsaya har yatsunta suka mutu da sanyi. Sai ta gane cewa da irin wannan tunanin aka buɗe aljihun madubinta. Ta jefa kwalbar cikin 'yan'uwanta, ta kashe fitila ta fito.

Kafin ta dawo Iya Bong ta hau da wata tukunyar daddawa da ba a taɓa sa wa komai ba, Bopsa ya cika ta da ƙasar da yake yawo da ita a buhu. Eun-sil ta durƙusa. Shekarunta nawa tana wannan aiki ba ta taɓa buɗe faranti ba sai a gaban wuta, da safar hannu, numfashi a ɗauke. Yau ta ɓare tef ɗin da haƙori, ta sa ɗan yatsanta tsirara ta kankare fararen ɗigon nan, ta cusa su cikin ƙasa. Ta ɗumama kwalaben a tafin hannu, ta tsiyaye su ɗaya bayan ɗaya, ta cuɗa. Ta san me zai biyo baya, cikin 'yan kwanaki hunhuna da mai yauƙi da dubban da ba su da suna za su rufe shi. Ta zuba shinkafa, ta ɗora hular ciyawar da Bopsa ya miƙo mata, ta kai goshinta ƙasa.

Bopsa ya ɗauki kiɗa, a hankali wannan karon. Da-som ta yi wata doguwar hamma, ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta. Ƙanshin ya riƙa janyewa daga falon, ya bi ta ƙofar baranda, har ya zamana sai ka matsa kusa da tukunyar za ka ji shi. Sandar gorar ta faɗi daga hannun Tae-gon. Tsohon ya tsinke takardunsa, ya mayar da kwalbarsa jaka babu komai a ciki, ya ce a ba yarinyar ruwan shinkafa da ɗumi, kaɗan-kaɗan. Iya Bong ta raka shi ƙasa.

Da-som ta sha cokali uku, na huɗu ta riƙe hannun uwarta. Muryarta ce, tata ta gaskiya, siririya, a dishe.

"Umma, ki yafe min."

"Yi shiru, ba ki yi komai ba."

"Ina wurin. Ranar da Abba ya ce za mu je kamun kifi. Na ga motar rusau ta bi ta kan tulunan Kaka, miya na malala a ƙasa. Abba ya ce in na faɗa miki zuciyarki za ta buga, ki bi Kaka. Kullum in kin tambayi gidan sai in ji kamar in mutu."

Eun-sil ta rungume ta, tana jin ƙasusuwan bayanta ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin riga. Ta saman kan yarinyar ta dubi mijinta.

"Ka ɗora mata wannan, ita kaɗai. Sannan ka tsaya kana kallonta tana cin ƙasa, kana jin ana tambaya ina sauran, ka san amsar, ka ce min fargabar jarrabawa ce."

"Tsoro na ji, Maman Da-som. Na rasa ta inda zan fara." Ya matso a kan gwiwoyinsa, ya rage murya, ya ɗan saci kallon baranda. "Ki saurare ni, komai zai gyaru. Aikinki ma bai ɓaci ba. Yana nan cikin tukunyar, kuma kin san hanyar fito da shi. In abu ya lafa, wata biyu, wata uku, sai ki ɗan ɗiba. Wa zai sani?"

Ta daɗe tana dubansa. Shekara ashirin tana kwana tana tashi da mutumin nan, yau ne ta ga fuskarsa ba gauraye. Ta miƙa masa hannunta, ƙasa duk a faratan.

"Ba ni hatimina."

Ya laluba aljihun kwat, ashe tun damina yana jikinsa. Ya ɗora mata a tafin hannu.

"Da makullin ƙofa."

"Haba, Eun-sil..."

"Yarinya na son barci."

Ta juya ta ci gaba da ba 'yarta ruwan shinkafa, tana hura kowane cokali kafin ta kai mata baki. Shi kuwa ya daɗe a bakin ƙofa cikin duhu yana laluben takalminsa, ba wanda ya tashi ya kunna masa fitila.